Garayar lantarki a kiɗan New Age: daga ina daɗin ke fitowa, kuma me ke dagula shi?

Ɗalibin Sauti

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga makaɗa ce da masu aikin haɗa sauti. Akwai salon kiɗan nan marar waƙa da Turawa ke kira New Age, mai tafiya a hankali, wanda ake saurara don hutawa da natsuwa. Abin da ya fi jan kunne a cikinsa shi ne garayar nan tasu mai kusurwa uku, wadda suke kira harp, musamman wadda ake jona wa lantarki. Kowace tsirkiya na fitowa tas, ga kuma wani kauri a ƙasa wanda ba a ji idan ana kaɗa garayar cikin babbar ƙungiyar makaɗa.

Me ya raba ta da garayar katako ta asali, kuma me ya sa ta shige wa wannan salo gaba? Na biyu, yaya ake jona ta a studiyo? An gwada sa wata kai tsaye cikin mikisa, wato na'urar haɗa sautuka, sautin ya fito siriri kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. Da aka ƙara mata eko don a rufe, sai komai ya cakuɗe, ba a gane kan kiɗan. Ina kuskuren yake?

Malamar Kiɗa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in ɗauki ɓangaren farko, na biyu kuma masu wayoyi su zo su yi bayani.

Babbar garaya ta dandali tana da tsirkiya 47 da feda 7, wato madannan ƙafa masu sauya sautin tsirkiyoyi, kowace feda da mazauni uku, tsarin fedar da Sébastien Érard ya kammala a 1810. Ƙaramarta tana aiki ne da liba, ɗan maɓallin da ke ɗaga sautin tsirkiya kaɗan, a kan kowace tsirkiya, yawanci tsirkiya 22 zuwa 38. Dukkansu sautinsu na fitowa ne daga siririn allon katako da tsirkiyoyin ke ja. Wannan allo shi ne muryar garayar, shi ne kuma iyakarta. Tsirkiyar ƙarshe ta ƙasa a babbar garaya tana kaɗawa ne a wajen 33 Hz, wato sau 33 a daƙiƙa, kuma allon bai kai faɗin da zai tura iska da ƙarfi a wannan zurfi ba. Mai sauraro daga nesa ba ainihin kaurin yake ji ba, 'ya'yan sautin da ke samansa yake ji.

A ta lantarki, kowace tsirkiya na hawa kan ɗan maɗaukin sautinta, kamar yadda tsirkiyar goge ke hawa jaki. Maɗaukin na fiyezo ne, wato sinadarin da ke fitar da lantarki idan an matsa shi. Ba a amfani da maganaɗisu irin na gitar lantarki, domin yawancin tsirkiyoyin garaya na hanjin dabba ne ko nailan, maganaɗisu ba ya ganinsu. To da yake daga gindin tsirkiya ake ɗauko sautin, ba daga iska ba, sai ya zama kamar ka manna kunnenka a jikin garayar. Kaurin ƙasa ya fito gaba ɗayansa, taɓawar yatsa mafi taushi ma a ji ta. Idan garayar marar akwati ce, wadda jikinta ba rami, babu allon da zai sha ƙarfin tsirkiya, don haka tana daɗewa tana amo.

A nan daɗin yake, a wutsiyar sautin. Garaya ba ta da abin kashe sauti irin na fiyano, inda da ka ɗaga yatsa sauti ya mutu. Ita in ka taɓa tsirkiya ɗaya, 'yan'uwanta da suka dace da ita su ma sai su ɗauki rawa da kansu. New Age kuwa kiɗa ne da ba ya sauri, ba ya yawan sauya haɗin sauti, yana iya zama kan haɗi ɗaya ko biyu na tsawon lokaci. Abin da zai zama matsala a kiɗa mai sauri ya zama ado a nan, domin garayar da kanta take shimfiɗa wa kanta tabarma. Makaɗi ɗaya ya riƙe bes, wato sautin ƙasa mai kauri, da hannun hagu, ya ja karin da dama, amon ya cike tsakani.

Wanda ya fito da wannan sauti duniya ta sani shi ne Andreas Vollenweider, mutumin Zurich ta Suwizalan, haifaffen 1953. Shi ya gyara garayarsa da kansa, ya sa mata lantarki, ya kuma ƙera mata abin kashe amo don ya samu damar kiɗa mai taku. Ku lura da wannan: mutumin da aka fi sani da amon garaya, abin da ya nema shi ne hanyar yanke amon. Faifansa Down to the Moon ne ya ci kyautar Grammy ta farko da aka ware wa New Age a 1987. Kafin nan an riga an share fage a Amurka, da shirin rediyo na Hearts of Space da ya faro a Berkeley a 1973, da kamfanin faifai na Windham Hill da William Ackerman ya kafa a 1976. A Faransa kuma Alan Stivell na Biritaniyar Faransa ya daɗe yana tura ƙaramar garayar Keltawa zuwa lantarki.

Yau masu ƙerawa da aka fi sani uku ne. Camac na Faransa suna da shuɗiyar garaya mai feda, da kuma DHC mai tsirkiya 32 da suka yi tare da Deborah Henson-Conant ta Amurka, jikinta na zaren kabon, nauyinta wajen kilo 5, ana rataya ta a jiki a kaɗa a tsaye. Lyon & Healy na Chicago suna da Silhouette mai tsirkiya 33. Salvi na Italiya suna da Delta mai 29. Ka kwatanta da babbar garaya da ke kusan kilo 40.

Injiniyan Sauti

Malama ta gama magana kan asali, Allah ya ƙara basira. Ɗan'uwa, sautin gwangwani da ka ji ba laifin garayar ba ne, ƙofar da aka shigar da ita ce ba tata ba.

Fiyezo yana da turjiya mai yawa ƙwarai, kuma a lantarce kamar ƙaramin kafasita yake, wato ɗan ma'ajin lantarki. In ka haɗa shi da mashiga mai ƙaramar turjiya, su biyun sai su zama matata mai zubar da kauri. Ga misali da lissafi: a ɗauka maɗaukin nanofarad 1 ne. Mashigar layi ta mikisa, mai wajen kilo'om 10, za ta fara yanke duk abin da ke ƙasa da 16,000 Hz, wato kusan kiɗan gaba ɗaya, sai ƙarar farce ta rage. A megom 1 yankan ya sauko wajen 160 Hz. A megom 10 ya koma 16 Hz, an tsira da komai. Saboda haka:

Da farko duba ko garayar na da firi'am a cikinta, wato ɗan na'urar da ke ƙarfafa sauti kafin ya fita. Alamarsa gidan batir, yawanci mai bolt 9. In akwai, sa sabon batir kafin a fara ɗauka. Batir mai rauni ba ya kashe sauti nan take, sai dai ka ji tsirkiyoyin ƙasa na tsagewa idan an ja su da ƙarfi, mutane su yi ta zargin lasifika. A yawancin irin waɗannan kayan, sa waya a ramin shi ke kunna batir, don haka a zare waya in an tashi.

In babu firi'am, kada ta taɓa mikisa sai ta bi ta akwatin DI mai wuta, wato akwatin da ke daidaita sautin kayan kiɗa da mikisa, ko firi'am na fiyezo, mai mashiga aƙalla megom 1, in an samu 10 ya fi. DI marar wuta, mai taransifoma kawai, bai isa ba. Wayar da ke tsakanin garaya da akwatin kada ta wuce mita 3, domin doguwar waya a nan tana rage ƙarfin sauti tana kuma kwaso ƙara. Daga akwatin zuwa mikisa sai a bi da wayar XLR irin ta makirfo, ko mita 30 ne babu damuwa. A katin sauti na kwamfuta kuma a danna maɓallin Hi-Z ko Inst.

Kada a saurare ta da amfilifayar gitar lantarki. An gina ta ne don gita, wadda ƙasanta ke tsayawa a 82 Hz, lasifikarta kuma na dushewa bayan 5,000 Hz. Garaya mai tsirkiya 34 ma tana sauka zuwa 65 Hz. A nemi amfilifayar kibod ko lasifikar studiyo.

Sai gyaran sauti. Fiyezo na da tsini a farkon kowane bugu, mitar mikisa ba ta cika nuna shi ba, don haka a bar sarari: bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen -12 dB. A rage 2 zuwa 3 dB tsakanin 200 da 400 Hz, nan laka ke taruwa. In akwai ƙarar roba, a neme ta tsakanin 2,000 da 4,000 Hz a ɗan danne, kada a wuce gona da iri, domin nan ne kuma hasken tsirkiya yake. Kwamfiresa, mai danne sautin da ya yi ƙarfi, a sa shi a 2:1 ko 3:1, a jinkirta kamunsa zuwa milisakan 20 ko 30 don kan bugun ya wuce, ya riƙa rage 3 dB kawai. In aka matsa fiye da haka, zai ɗago wutsiyar duk tsirkiyoyin da ke amo su yi daidai da wadda ake kaɗawa, karin ya nutse.

Yanzu batun eko, wanda shi ne ya cakuɗa muku. Abu biyu ne mutane ke haɗawa su kira eko. Akwai ribab, amon ɗaki, akwai kuma dile, maimaicin sauti. Garaya ta riga ta zo da ribab ɗinta a jiki, in ka ɗora wani babba a kai ba tare da tacewa ba, kamar ka zuba ruwa ne a kunun da ya riga ya tsinke. Kada a sa ribab a kan layin garayar kai tsaye, a tura shi ta layi daban. A kan wannan layin a yanke duk abin da ke ƙasa da 250 Hz, da abin da ke sama da 7,000 Hz. Tsawonsa daƙiƙa 3 zuwa 4 ya isa, a kuma ba shi jinkirin farawa na milisakan 40 zuwa 60, domin bugun ya fito fili kafin amo ya biyo shi. Bes ya zauna a bushe a tsakiya, sama ce ke iyo. In garayar na da mafita daban-daban na ƙasa da sama, kamar yadda wasu ke da shi, aikin ya zo da sauƙi: ƙasa ba ribab ko kaɗan.

Dile kuma dole ya bi takun kiɗan. A raba 60,000 da yawan bugu a minti. Kiɗa mai bugu 75 zai ba da milisakan 800. Rabinsa 400, kashi uku cikin huɗunsa 600, kuma wannan na 600 shi ke ba da saƙar nan da ake ji kamar makaɗa biyu ne ke amsa wa juna. Maimaicin ya tsaya a sau biyu ko uku. Kullum a ɗauki busasshen sauti a layinsa daban, ko da makaɗin na jin ribab a kunne lokacin da yake kaɗawa.

Ɗalibin Sauti

Na gode ƙwarai Malama, na gode Injiniya. An duba, babu gidan batir, ashe ta mashigar layi aka shigar da ita. Saura abu biyu: akwai wani gurnani da ke bin sautin idan an tada janareta, sannan ko a busasshen ɗauka ana jin zzz duk lokacin da makaɗin ya mayar da yatsa kan tsirkiyar ƙasa. Akwai abin da zai cire su a kwamfuta?

Baba Makaɗi

Yaro, na biyun ba aikin kwamfuta ba ne, aikin hannu ne, kuma a ganina shi ne rabin sana'ar.

Makaɗin garaya da yatsu huɗu yake aiki a kowane hannu, ƙaramin yatsa ba ya shiga, kuma yakan ɗora yatsun kan tsirkiyoyi kafin ya ja su. In tsirkiyar na cikin rawa ya kusanto ta a hankali, sai ta riƙa dukan fatar yatsa ko farce, shi ne zzz ɗin. A garayar katako ɗaki na haɗiye yawancinsa. Fiyezo ba ya yafe ko ɗaya. Maganin: a yanke farce ƙasa, a ɗora yatsa a makare, daf da lokacin ja, a kuma ɗora shi gaba ɗaya lokaci guda da tsokar yatsa, ba a lallaɓa ba. A kula da bayan yatsa ma, yakan gogi tsirkiyar da ke maƙwabtaka.

Sai kashe amo. Duk lokacin da haɗin sauti zai sauya, tafin hannun hagu ya kwanta kan tsirkiyoyin ƙasa da aka bari suna amo, sannan a ja sabon bes. Tsirkiyoyin ƙasa masu naɗin ƙarfe su ne masu doguwar wutsiya, in an bar C na kuka aka shiga D, sun yi karo kenan, kuma babu matatar da za ta raba su. Na sama gajeru ne, suna mutuwa da kansu, a bar su. Makaɗin da ya saba da garayar katako ya rage ƙarfin ja da kusan rabi, ya bar amfilifaya ta yi aikin. Jan ƙarfi ne ke fito da ƙarar robar da Injiniya ya ambata. Ya kuma rage yawan sautuka a hagu: tushe, na biyar, da tushen sama sun isa, kada a cusa na uku a can ƙasa.

Ga wata dabara da wannan salo ke ci da ita. Jajayen tsirkiyoyi C ne, baƙaƙe ko shuɗaye F ne. A garaya mai feda, a sa B ta zama shaf (a ɗaga ta rabin taki), F ta zama filat (a sauke ta rabin taki), sauran a bar su tsakiya. B♯ ta koma C, F♭ ta koma E, sai garayar gaba ɗaya ta rage sauti biyar: C, D, E, G, A. Ka shafa hannu daga ƙasa har sama babu sautin da zai yi karo da ɗan'uwansa, ko an bar su duka suna amo. A mai liba da aka ɗaure a C, a ɗaga libar E da ta B, a samu F, G, A, C, D. In a E♭ aka ɗaure ta, kamar yadda aka fi yi, libar D da ta G za a ɗaga. Wannan ma'auni mai sauti biyar ba baƙo ba ne ga kunnen da ya tashi da gurmi da garayarmu. Amma a yi shafar nan da ƙima, sau ɗaya ko biyu a kiɗa, in ta yi yawa kiɗan ya zama ado ba magana.

Abin da na fi so a ta lantarki shi ne sautin ƙararrawa. A taɓa tsirkiya daidai tsakiyarta, da gefen tafi in hagu ne, da gaɓar manuniya in dama ne, babban yatsa ya ja, a janye hannu nan take. Sautin zai fito zango ɗaya sama, siriri, mai tsabta. A dandali da ƙyar ake jinsa bayan layin gaba. Ta fiyezo, da ɗan dile a bayansa, shi kaɗai ya isa ya riƙe kari.

Ɗauri kuwa, a yi shi liba na ƙasa, ko feda na can sama, domin ɗauri tsirkiya na matse yana cinye ta. Sabuwar tsirkiyar nailan na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta zauna, kada a canza ana gobe ɗauka. In tsirkiya ɗaya ta fi sauran rauni, a duba ko ta zauna daidai kan maɗaukinta kafin a ce ya mutu.

Injiniyan Sauti

Baba ya faɗi gaskiya, hannu ne gaba. Gurnanin kuwa na wuta ne, 50 Hz da ninkinsa, 100 da 150. Kada ka yi saurin yanke shi da matata, domin tsirkiyar G ta can ƙasa tana 49 Hz, G ta samanta 98 Hz, in ka huda nan ka huda su. A bi tushen. A jona kwamfuta, katin sauti da lasifika duka a soket ɗaya. A danna maɓallin ground lift na akwatin DI, mai raba wayar ƙasa ta layin sauti. A raba wayar garaya da wayoyin wuta da cajar laftof, in dole su haɗu su gitta juna, kada su kwanta tare. Gwaji mafi sauri: zare cajar laftof ta koma batir. In gurnanin ya ɗauke, ka kama ɓarawon. Kada dai a cire ƙafar ƙasa ta fulogin wuta don neman shiru, wannan ganganci ne da rai.

Mai Gyaran Kayan Kiɗa

Ina da ɗan ja da Malama, cikin girmamawa. Marar akwati tana da tsabta, ba ta kukan lasifika, gaskiya ne. Amma ɗumin da mutane ke so a tsofaffin faifan wannan salo, da yawansa daga garaya mai akwati ne wadda aka ƙara wa lantarki, katako na numfashi a ciki. Wanda ya samu irin wannan ya ɗauki duka biyu: fiyezo a layi ɗaya, makirfon kwandensa a wani, nisan santimita 40 zuwa 60 daga allon, wajen tsakiyar tsayinsa, ba ta ramukan baya ba inda sauti ke kumbura. Sautin makirfo na isowa a makare da kusan milisakan ɗaya da rabi a rabin mita, don haka in an haɗa su aka ji kauri ya ragu, a danna maɓallin fes na ɗaya, mai juya igiyar sauti kai ƙasa, ko a ja layin fiyezo baya har kawunan bugun su daidaita. Bes daga fiyezo, iska daga makirfo. A dandali kuma kada lasifikar makaɗi ta fuskanci allon, a ajiye ta gefe.

Wanda zai ajiye ta a Arewa ya sani katakon garaya na son laima kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, hunturu kuwa kan sauko da ita ƙasa da 20. Jan tsirkiyoyin babbar garaya ya kusa tan ɗaya, busasshen allo a ƙarƙashin wannan ja yakan tsage, tsirkiyoyin hanji su riƙa tsinkewa idan damina ta juyo. A ajiye ma'aunin laima a ɗakin da na'urar ƙara laima, a nisanta ta da taga da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Mai jikin kabon da tsirkiyar nailan ta fi jure wannan yanayi nesa ba kusa ba. A kowace iri, kada a sa tsirkiyar da ta fi wadda kamfanin ya rubuta a jadawalinsa kauri, kuma a riƙa canza su ɗaya bayan ɗaya, ba a kwance su gaba ɗaya ba.